Hannun Yaya Tanimu a Bangon Palermo

Injin markaɗen Inna ne ya kai mu Italiya. Shi ne wanda yake bakin zaurenmu a Zariya, wanda ƙararsa ke tashin unguwa kafin zakara. Wata Laraba mai saye ya zo da baro ya kwance shi, ya bar tabon baƙin mai a ƙasa. Inna ta ƙulle kuɗin a tsumma ta miƙa wa Yaya Tanimu, ta ce, "Ga ƙaninka nan. Yadda kuka fita ku biyu…" Ba ta ƙarasa ba, ta shige ɗaki.

Amira, Hanan, 'ya'yan Kawu, ku yi haƙuri da abin da na yi ranar Asabar a falon Kawu a Handsworth. Amira ta ce uni, wato jami'arsu ta Manchester, za su kai su Sicily su ga tsofaffin gine-gine, ta juyo ta ce, "Yaya Habu, kai da ka zauna can, which places are worth seeing?" Na buɗe baki zan ba da amsa, sai na tashi na ce zan yi alwala. Ina jin Hanan tana raɗa, "Is he alright?" Lafiyata lau, Hanan. Amsar ce ta fi ƙarfin falo mai talabijin a kunne. Na fara rubuta ta a coach ɗin komawa Manchester, ina ƙarasa ta a flat ɗina a Gorton. Karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba, saboda haka kada Amira ta ɗauko jan biro. In Hausar ta yi muku nauyi, ku kai wa Anti ta karanta muku.

Labarin sahara da na teku ba zan ba ku ba. Mun shiga, mun fito, Allah ya sa muna cikin waɗanda suka fito. Ku ɗauka daga Palermo.

Bayan mun bar sansanin baƙin haure mun kama ɗaki a Ballaro, unguwar kasuwa, inda masu kifi ke kwarara ihu kamar ana yanka su, alhali kira suke a zo a saya. Mai gidan wata tsohuwa ce, Sinyora Konchetta, gajeruwa, muryarta ta ninka ta uku. Rigimarmu da ita ɗaya ce kullum, ruwan alwala.

"Tanino!" Haka take kiran Yaya, harshenta ya ƙi Tanimu. "Wa ya yi wanka a ƙasan banɗakina?"

"Ba wanka ba ne, Sinyora, ƙafa muka wanke."

"Sau biyar a rana? Ina kuke zuwa da ƙafafun nan?"

"Wurin Allah, Sinyora."

Ta tsaya ta dube shi. Washegari muka tarar da tsumman goge ƙasa sabo a rataye, ba ta sake magana ba sai bayan kwana uku, da ta ji warin daddawa.

Mu kuma mun rama a kan yarensu. Dandali su ce piyatsa, mu ce fiyasa. Fada su ce palatso, Yaya ya ce falaso, wai ya yi kama da sunan takalmin roba. Coci kiyeza. Kalmar da muka fara haddacewa kuwa subito, wato maza-maza, domin ita ce sallamar kowane oga. Kada ku yi dariya da yawa, ku da kuke ce wa Zariya Zeriya.

Ku san waye Yaya Tanimu tukuna, domin kun san shi a hoto ne kawai. Magini ne ɗan magini. Babanmu, Allah ya jiƙansa, yaɓe da zanen bango ne sana'arsa, kuma yana da al'ada guda da ya gada wurin nasa uban. Duk bangon da ya gama yaɓewa, kafin ya sha iska, sai ya durƙusa a kusurwar ƙasa, inda ido ba ya yawan zuwa, ya yi bismilla ya danna tafin hannunsa na dama. Ya ce bango ba ya tsayawa sai ya san wanda ya taɓa shi. Yaya ya ɗauki wannan kamar yadda ya ɗauki tafiyar Baba. Tambarinsa kuma ba ya ɓata, domin ƙaramin yatsansa a karkace yake, tubali ya faɗo masa tun yana yaro. Akwai gidaje a Zariya yau da in ka duba bayan ƙofa za ka ga yatsan nan ya kauce wa 'yan uwansa.

Aikin gyaran tsohuwar fada muka samu, wadda ta haura shekara ɗari huɗu, a wani lungu. Sunanta zan faɗa wa Amira a kunne. Yaya mai yaɓe, ni lebura, kwaɓi da ɗaukar bokiti. A can ba siminti ake sa wa irin waɗannan gine-gine ba, farar ƙasa ce da aka jiƙa ta daɗe a rami, a haɗa da yashi. Shafi uku ake yi: na farko mai kaushi, na biyu mai daidaita bango, na uku siriri mai santsi, shi ne fuskar da duniya ke gani. Akwai wani dattijo a wurin, Baba Turi, wanda ya tsufa a sana'ar. Ranar farko ya ga Yaya ya ajiye cokalin gini ya murza kwaɓin da yatsu ya shinshina. Ya ce, "Wa ya koya maka?" Yaya ya ce, "Babana." Baba Turi ya gyaɗa kai ya matsa masa wuri. Shi ke nan abotarsu. Ogan aikin kuwa, kapo, mutum ne mai waya biyu, kowacce tana ba shi haushi.

Ran Lahadi ba aiki, sai Yaya ya ja ni yawo. Ni ƙwallo nake so in kalla, shi bango. To Amira, ga amsarki, ki buɗe kunne.

Ki fara da Kwattiro Kanti. Mahaɗar titi biyu ce kawai, amma kusurwa huɗun an lanƙwasa fuskokinsu kamar ƙwarya, kowacce da maɓulɓular ruwa a gindinta. Ki tsaya ki lura da rana. Tana bin su ɗaya bayan ɗaya daga safe zuwa yamma, kamar mai gaishe da dattawa. Taku kaɗan daga nan akwai fiyasa mai babban wurin ruwa zagaye da gumakan farin dutse, duk tsirara. Yaya ya ratsa ta idonsa a ƙasa yana istigifari, amma da muka wuce ya ce, "Wanda ya sassaƙa gwiwar nan dai ya san gwiwa." Na ce, "Yaya, ashe ka duba." Ya ce in rufe masa baki.

Ki je cocin nan mai jajayen ƙubbobi. In kin hango su daga nesa za ki rantse ladan zai fito. Ki shiga fadar sarakunan da, ki hau zuwa ƙaramin cocin da ke ciki, Kafella Falatina. Kowa zinaren bango yake kallo. Ke ki ɗaga kai. Rufin katako ne, an sassaƙa shi rami cikin rami kamar saƙar zuma, kuma an ce masassaƙa Musulmi ne suka yi wa sarki Kirista. Yaya ya tsaya a ƙarƙashinsa har wuyansa ya ƙage.

Sai babban cocin garin. A nan muka yi abin kunya. Mun zo ƙofa, muka ga wurin ibada ne, muka tuɓe takalma muka jera su a gefe, Yaya da hularsa a kai. Mai gadi ya taho da gudu yana nuna ƙafa yana nuna kai. Ashe su hula ake cirewa a bar takalmi. Muka mayar da na ƙasa muka cire na sama, wasu Jamusawa suna ta ɗaukar mu hoto. Amma kafin ki shiga, Amira, ki tsaya a rumfar ƙofa, ki dubi ginshiƙin farko na hagu. Akwai rubutun Larabci a sassaƙe a jikinsa. Yaya ya matsa, ya bi shi da karkataccen yatsan nan, sai na ji yana karantawa a hankali. Aya ce ta Alƙur'ani. Masallaci ne a wurin a da can, ya tafi, ginshiƙin ya zauna yana riƙe da rumfar coci. Da muka kama hanya ya ce, "Habu, ka ga, mutumin nan ba wanda ya san sunansa. Amma ya taɓa dutsen."

Da na san abin da ke ransa da na ja masa kunne.

Ran Talata ya gama shafi na biyu a dogon bangon tsakar fadar, ƙarƙashin rumfa, kusa da tsohuwar rijiya. Bango mafi girma da aka taɓa ba shi shi kaɗai. Ina wanke bokiti na gan shi ya durƙusa a kusurwa. Na ce, "Yaya, nan ba Zariya ba ce." Ya ce, "Bango bango ne." Ya yi bismilla ya danna.

Laraba da hantsi rana ta shigo ta gefe ta faɗa daidai wurin. Kapo ya gani. Wayoyinsa biyu suna ƙara bai ɗauka ba.

"Mene ne wannan?"

"Hannu ne, kapo."

"Na ga hannu ne! Na wa?"

Yaya ya ɗaga nasa.

"Ka san inda kake? Ƙusa ba a bugawa a gidan nan sai da takarda! Dottoressa za ta zo duba shafi na biyu. In ta ga wannan, ta ce muna wasa da kayan tarihi, ta karɓe aikin, ni da ku duk muna titi!"

Dottoressa ita ce jami'ar da hukuma ke turowa, ba a rufe shafi sai ta gani ta sa hannu. Yaya ya ce a cike gurbin kawai. Kapo ya ce faci a bango irin wannan tun daga ƙofa za ta hango shi, a farfasa wurin a sake. Yaya ya ce to, gobe.

Goben ba ta same shi a wurin aiki ba. Ya daɗe yana fama da ciwon ciki yana ɓoye mini, yana cewa taliyarsu ce ba ta karɓe shi ba. Da safe muna ratsa kasuwa ya dafa teburin mai lemo, ya ce, "Habu, tsaya," ya sulale. Masu kifin nan masu ihu su suka ɗauke shi. Kafin la'asar ya cika a asibiti.

Dattawan masallaci suka yi masa wanka da sutura, Allah ya saka musu. Amma takardu sun ci kwanaki, kuma maƙabartar da ke da wurin Musulmi tana wani gari mai nisa. A akwati aka sa shi, haka dokarsu take. Mota mai haƙa ce ta tura ƙasar. Na tsaya hannuwana a aljihu, ban san inda zan kai su ba. Ɗan magini, jikan magini, ko dunƙulen ƙasa ɗaya ban ɗora wa yayana ba. Na koma ɗaki na tarar Sinyora Konchetta ta ajiye mini miya a bakin ƙofa, ta rufe da faranti.

Ran Litinin na koma aiki. Kapo ya yi mini ta'aziyya, kuma na yarda har zuciyarsa ya yi. Sannan ya miƙo mini guduma da ƙarfen sassaƙa. Abu yake kirana, harshensa ya ƙi Habu.

"Abu, ka yi haƙuri. Jibi za ta zo."

Ku gane halin da nake ciki. Takardar zamana a ƙasar a kan wannan aikin ta rataya, in aka kore ni ba sabuntawa. Ga kuma bangon. Na je na durƙusa. Farar ƙasar ta riga ta kama, ta yi tauri. Yatsu huɗu a miƙe, na biyar ya kauce. Har layukan tafinsa sun fito. Na sa nawa hannun a ciki, ya yi mini yawa kaɗan, kamar rigunansa.

Na ajiye gudumar. Na roƙi kapo ya bar ni zuwa gobe.

Na yi lissafina a hanya. In an fasa, ya tafi. In an bar shi a fili, an kore mu kuma a fasa. Hanya ɗaya ta rage: a rufe bangon gaba ɗaya da shafi na uku, daga rijiya har ƙofa, hannun ya kwanta a ƙarƙashi. Sai dai ni lebura ne. Ban taɓa riƙe cokali a fadar nan ba, kuma shafi na uku Baba Turi kaɗai ke yin sa. Amma tun ina shekara bakwai nake tsaye a bayan Baba da Yaya ina miƙa kwaɓi. Na san abin da idona ya sha.

Ana idar da asuba na tafi, mai gadi ya san ni ya buɗe. Na tankaɗe yashi mai laushi, na kwaɓa, na jiƙa bangon. Na fara da kusurwar. Na yi bismilla, na ɗebi kwaɓi da hannu, ba da cokali ba, na cike tafin, na bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, na bar karkataccen a ƙarshe. Na karanta abin da ake karantawa. A nan na binne yayana, Amira. Wancan na mota ne, wannan nawa.

Ina cikin shafi na kai kamar taku uku na ji tari a bayana. Baba Turi ne, da kofinsa. Ya dubi bango, ya dubi kusurwa, ya dube ni.

"Wa ya sa ka?"

"Ba kowa."

"Ka san za a iya korar ka?"

"Na sani, Baba."

Ya kurɓi kofi. Ya ce, "Cokalin nan na hannunka na kwasar shara ne." Ya buɗe jakarsa ya ciro nasa, wanda bakinsa ya cinye ya yi siriri kamar ganye, wanda ko taɓa shi ba ya bari a yi. Ya ce, "Kwantar da wuyan hannunka. Piyano piyano, sannu a hankali. Kada ka koma inda ka wuce." Bai shafa ko sau ɗaya ba. Kwaɓi ya tsaya yana yi mini, dattijo mai jikoki, yana miƙo bokiti.

Kapo ya iso mun ci rabin bango. Abin da ya faɗa ba zan rubuta wa 'yan mata ba. Baba Turi ya bar shi ya gaji, sannan ya ce, "In ka tsayar da shi yanzu, bangon zai bushe da tabo a tsakiya. Zaɓi." Kapo ya zaga rijiya sau biyu, ya fita yana magana da wayoyinsa.

Dottoressa ta zo ran Laraba, siririya, da tabarau a rataye a wuya. Ta tsaya.

"Na ce shafi na biyu zan gani."

Kapo ya buɗe baki, Baba Turi ya riga shi. "Na ga hadari, Dottoressa. Na ji tsoron danshi, na ce a rufe. Laifina ne."

Ta dubi sama. Ko gajimare ɗaya babu. Ta sa tabarau, ta bi bangon tana shafawa da tafin hannu, tana ƙwanƙwasawa da gaɓar yatsa tana saurare, tun daga ƙofa. Ni ina riƙe da bokiti, ban san na riƙe shi ba. Ta kai kusurwar rijiya ta durƙusa. Wurin bai gama bushewa ba, ya fi sauran duhu kaɗan, kuma duhun yana da siffa. Ta daɗe tana kallo. Ta waiwayo ta ƙirga mu da ido.

"Ina ɗayan? Dogon nan mai hula?"

Baba Turi ya cire tasa hular.

Ta miƙe ta kakkaɓe gwiwa. Ta ce, "Wa ya yi shafin?" Na ce ni ne. Ta ce, "A gefen ƙofa ka yi kauri. Ka kula a gaba." Ta sa hannu a takarda ta wuce.

Da ta tafi kapo ya nuna ni da waya. "Tunda ka iya, ga baranda can, ga matattakala, duk naka ne. Subito!" Shi a ganinsa horo ne. Wata takwas na yi ina shafi a gidan nan, Baba Turi yana zagina da yarensu. Da wannan hannun Kawu ya samo mini hanyar zuwa nan, da shi nake cin abinci yau. Tsofaffin gidajen Gorton da Handsworth da damp, wato danshi, ya cinye, in aka ce lime plaster, shafin farar ƙasa ke nan, ni ake kira. Ba alfahari ba ne, na iya.

Bara na je gida. Tabon man injin yana nan a bakin zaure. Na daɗe ina tsoron ranar, domin mu biyu ta sallama. Inna ta bar ni na ci abinci, sannan ta ce, "Ka ga kabarinsa?" Na ce na gani, lamba ce a jikin katako. Sai na ba ta labarin bangon, duk yadda na ba ku. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Dama ya sa ko hagu?"

Na ce, "Dama, Inna."

"Ya yi bismilla?"

"Da kunnena na ji."

Ta ce, "To ya gama aikinsa." Ta tashi ta ɗauke kwanon.

Saura abu ɗaya, Amira. An buɗe fadar ga masu ziyara yanzu. Ki ga fiyasa, ki ga rufin katako, ki ga ginshiƙin, ki rubuta abin da malamanku ke so. Sannan ki saci awa ɗaya ki je lungun da zan faɗa miki. Ki shiga tsakar gida, ki nufi rijiya, ki dubi kusurwar bangon dama daidai gwiwarki. In rana ake yi ba za ki ga komai ba, farin bango ne sumul, kuma ni na yi shi. Amma inda shafi ya fi kauri ya fi riƙe danshi. Kafin in baro garin an yi ruwa kwana biyu, na je, na gan shi ya fito kamar inuwa, yatsu huɗu da na biyar a karkace. Da rana ta buɗe ya koma.

Ke da kullum kike tsaye a bus stop ɗin Oxford Road kina zagin ruwan Manchester, wannan karon ki roƙi Allah ya bi ki da shi har Palermo. In ya fito, kada ki tsaya neman waya. Ki durƙusa, ki yi masa sallama, ki ce Habu ne ya aiko ki.